Kwalba Ta Goma Sha Huɗu

An ɗauke wuta a Wad Madani.
Janareta ya yi tari sau biyu kafin ya tashi,
kamar shi ma ya kamu.
Ni kaɗai ce a ɗakin awo,
ni da injin da ke juya jini
har ya rabu: ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama.

Kwalba ta goma sha huɗu.
An rubuta Hamidan Bukari, shekara sittin da ɗaya.
Na hango shi da la'asar ta gilashin ƙofa,
zaune daram bisa gado,
yana gardama da nas a kan shayi,
wai shekara talatin yana awon auduga a Jazira
ba a taɓa miƙa masa mai sanyi ba.
Ba haki, ba nishi. Ɗan zazzaɓi ne, in ji shi.

Amma jini bai san kara ba.
Fararen ƙwayoyin nan masu gadin gida, limfosait,
na ƙirga su, sun watse
kamar kasuwa bayan magariba.
'Yan uwansu masu gaggawa, niyutrofil, sun cika fili,
sun ninka su sau goma sha biyu.
Feritin ya haura dubu.
Si-Ar-Pi na hawa, awon gobarar da ba a ga hayaƙinta ba.
Di-daima kuwa, ɓurɓushin gudajin jini,
ya ce ana ƙulli a lungunan da babu fitila.

Kakata a Mai Wurno takan tsaya bakin Nilu,
sama tas, ko gajimare babu,
ta ce a kwashe tumaki daga gaɓa.
Ruwa ya yi ja, an yi sama a duwatsun Habasha,
yana nan tafe.
Aikina ke nan: duban launin ruwa.

Na kira Dakta Mudassir ƙarfe biyu da rabi.
Gado ɗaya ya rage kusa da tukunyar oksijin.
Ga Hajja Batula a lamba tara, tarinta na girgiza taga,
'ya'yanta biyar a bakin get
suna kiran duk wanda suka sani.
Jininta kwance yake kamar ruwan randa.
Ya yi shiru. Ina jin numfashinsa cikin takunkumi.
Kin tabbata?
Na ce, ban tabbata ba. Na auna ne.

Don ban manta da Azhari ba,
ɗan talatin, mai gyaran babur,
wanda lambobinsa suka yi mini murmushi ranar Talata,
aka yi masa salla ranar Juma'a.
Ma'auni ba Lauhul Mahfuz ba ne.
Sawu ne a yashi,
wani sa'in mai sawun ya riga ya sake hanya.

Aka mayar da Hamidan gadon yana faɗa,
wai lafiyarsa ƙalau, a ba mabuƙata.
A dare na huɗu ruwan ya iso.
Ban gani ba. Kwalabe ke kawo mini labari
kullum asuba: lambobi na hawa tsani,
suka tsaya kwana biyu suna shawara,
sannan suka fara saukowa da baya, a hankali,
kamar tsoho daga kan rumbu.

Batula ta tafi gida da ƙafarta a rana ta shida.

Wata safiya kwalbarsa ba ta zo ba.
Dalili biyu ke hana kwalba zuwa.
Ban tambaya ba.
Na goge teburin da na riga na goge.

Da na tashi aiki, ga shi gindin darbejiya wajen mai shayi,
ya rame, jallabiya ta yi masa yawa,
yana jiran ɗansa ya kawo mota,
yana ba da labari:
mutanen ɗakin awon nan sun fi sauro naci,
kullum sai sun sha.
Ya dube ni, bai san ni ba,
ni da na san shi har ɓargo.

Na biya nawa.
Na ce a ƙara masa wani,
mai zafi.